Ƙubbar da Dred Scott Bai Gani Ba

Ran 6 ga Afrilu, 1846, wani mutum da matarsa suka kai ƙara kotun gundumar Sant Luwis, a jihar Mizuri ta ƙasar Amurka. Mijin, Dred Scott, ya doshi shekara 50. Matar, Harriet, ba ta kai 30 ba. Bayi ne su biyun, kuma ba wanda ya iya riƙe alƙalami a cikinsu, saboda haka kowa ya gitta layi biyu a gindin takardarsa, ya zama shi ne sa hannu. Takardun biyu ne, tasa daban tata daban, amma magana ɗaya suke ɗauke da ita: matar da ke riƙe da su, Irene Emerson, ba ta da ikon riƙe su, domin doka ta riga ta 'yanta su tun shekarun baya.

Ginin da suka shiga ran nan bai kammala ba. Rabinsa sabo ne, rabi tsoho, magina kuma ba su gama da shi ba sai bayan shekara 16. Wanda ya ga hotonsa yau, da farin bangonsa da doguwar ƙubbarsa mai launin kore, ya ga abin da Dred Scott bai taɓa gani da idonsa ba.

Filin kyauta ce. A 1816 wasu manyan gari biyu, Auguste Chouteau da alƙali John Lucas, suka ba da shi bisa sharaɗin cewa kotun gunduma ce za ta zauna a kansa har abada. Chouteau yana cikin waɗanda suka kafa garin a 1764, tun yana yaro, lokacin Faransawa ne ke cinikin fatu a bakin kogin Misisipi. A 1828 aka gama ɗan madaidaicin gini na jan bulo a filin, ana ganin zai wadatar. Bai wadatar ba, domin garin ya fi ƙarfin lissafin kowa. A 1830 mutanensa ba su kai 6,000 ba. A 1840 sun haura 16,000, a 1850 sun kusa 78,000, a 1860 kuwa sun wuce 160,000. Jiragen ruwa masu tururi suna jere a gaɓar kogi, duk mai niyyar yin yamma neman ƙasa ko zinariya a nan yake yada zango ya sayi guzuri. Inda dukiya ta taru kuwa rigima ba ta nisa: rikicin fili, bashi, gado, karya alkawarin ciniki. Kotu ta cika ta batse.

Sai a 1839 aka aza harsashin sabon gini bisa zanen wani mai suna Henry Singleton. Ya tsara shi da sassa huɗu, kowanne ya fuskanci kusurwa ɗaya ta duniya, suka haɗu a tsakiya a wani babban zaure mai da'ira wanda benaye suka kewaye, hawa bisa hawa, da 'yar ƙubba a samansa. Fuskar ginin ya ɗauko ta ne daga ɗakunan bautar Girkawan dā: manyan ginshiƙai a jere, da goshi mai kusurwa uku a kansu. Wannan shi ne yayin da ake yi a Amurka a lokacin. Ƙasar sabuwa ce, tana taƙama da cewa jama'a ke mulkin kansu, don haka take son kotunanta da majalisunta su yi kama da na mutanen da ake cewa su suka fara irin wannan mulki. An buɗe zauren ran 22 ga Fabrairu, 1845. Babu wani wuri a garin da ya kai shi ɗaukar jama'a, shi ya sa ya zama dandalin taro da jawabin 'yan siyasa. Tsohon ginin bulon nan kuwa ba a rushe shi ba tukuna, aka bar shi a maƙale ya tsaya a matsayin sashen gabas.

A bakin ƙofar wannan kotu ake gwanjo. Idan mutum ya mutu da bashi, ko magada suka kasa daidaitawa a kan rabo, kotu kan ba da umarni a sayar da abin da ya bari a bainar jama'a: gona, doki, kayan ɗaki, da mutane. A kan matakalar ake tsayar da su, mai gwanjo yana kiran farashi, uwa ta tafi hannun wani, ɗanta ya tafi hannun wani. Dillalan bayi suna da gidajen tsare mutane 'yan taku kaɗan daga wurin, kuma kogin yana nan a shirye ya kwashe wanda aka saya zuwa gonakin auduga da rake na kudu, inda da wuya a sake jin labarinsa. Duk bawan da ya zo neman haƙƙinsa a wannan gini ya san me ake yi a ƙofarsa.

Amma akwai ƙofar doka da aka bari a buɗe, kuma ba ƙarama ba ce. Dokar Mizuri ta yarda wanda ake riƙe da shi a bauta ya kai ƙara idan yana da hujjar cewa shi ɗa ne, har kotu ta ba shi lauya idan ba shi da hali. Tsarin ƙarar yana da ban mamaki. Bawa ba ya cewa kai tsaye a 'yanta shi, sai ya ce an doke shi an tsare shi ba bisa haƙƙi ba. Idan kotu ta ga bawa ne, to dukan horon ubangida ne, ba laifi. Idan ta ga ɗa ne, dukan ya zama laifi, 'yancinsa kuma ya tabbata ke nan. Diyyar da Dred ya nema a takardarsa dala 10 ce. Tun 1824, a shari'ar wata mata mai suna Winny, babbar kotun jihar ta kafa ƙa'idar cewa wanda ubangidansa ya kai shi ya zaunar a ƙasar da ta haramta bauta ya 'yantu, kuma dawowa Mizuri ba ta mayar da shi bawa. A 1836 aka sake tabbatar da haka a shari'ar wata Rachel, wadda wani hafsan soja ya tafi da ita barikokin arewa. Ko a 1844, shekara biyu kacal kafin ƙarar su Dred, wata yarinya Lucy ta ci nasara a wannan kotu bayan ta shafe wata 17 a kurkuku tana jiran a saurare ta. Lauyanta Edward Bates shi ne daga baya ya zama babban lauyan gwamnati a zamanin shugaba Abraham Lincoln.

Hujjar Dred da Harriet ta yi daidai da ta Rachel kusan kalma da kalma. An haifi Dred a Bajiniya a gidan wani Peter Blow, ya bi iyalin zuwa Alabama, sannan Sant Luwis a 1830. Daga nan aka sayar da shi ga wani likitan soja, John Emerson. Likitan ya tafi da shi barikin Armstrong a jihar Ilinoi, inda bauta haramun ce, suka yi shekaru. A 1836 aka yi masa canji zuwa barikin Snelling, can arewa a inda ake kira Minesota yau, wurin da sanyi ke daskarar da kogi. Yarjejeniyar da majalisar ƙasa ta ƙulla a 1820 ta hana bauta a duk wannan yanki. A can Dred ya haɗu da Harriet Robinson, baiwar wani jami'in gwamnati mai suna Lawrence Taliaferro, kuma shi jami'in da kansa ya ɗaura musu aure, abin da ba a saba yi wa bayi ba. 'Yarsu ta fari, Eliza, a cikin jirgin ruwa aka haife ta a 1838, jirgin yana arewa da iyakar Mizuri, a kan ruwan da ba bauta.

Likita Emerson ya mutu a ƙarshen 1843, suka koma hannun matarsa Irene, wadda ta riƙa ba da su haya ga wasu gidaje tana karɓar ladan aikinsu. Dred ya nemi ya fanshi kansa da iyalinsa, ta ƙi. Akan tambaya me ya hana su kai ƙara tun da wuri, me kuma ya tashe su a 1846. Ni dai idan na dubi shekarun yaran sai in ga amsar a fili. Eliza ta kusa shekara 8, shekarun da ake fara raba yarinya da uwarta a tura ta aiki wani gida ko a sayar da ita, ga kuma jaririya Lizzie a goye. Sun riga sun binne 'ya'ya maza biyu. Suna hannun gwauruwar da dukiyar mijinta ke jiran rabo, kuma Harriet ta san inda dukiyar mamaci ke ƙarewa. Tana zuwa cocin wani fasto baƙar fata, John Anderson, wanda shi ma ya taɓa ɗanɗana bauta, kuma a irin waɗannan majami'u ne labarin wanda ya kai ƙara ya ci yake yawo. Malamar shari'a Lea VanderVelde, wadda ta rubuta littafi sukutum a kan Harriet a 2009, ta nuna yadda hannun matar nan yake dumu-dumu a wannan yunƙuri.

An zauna shari'ar ran 30 ga Yuni, 1847, a wani babban ɗaki da ke ƙasa a sashen yamma. Alƙalin sunansa Alexander Hamilton, ba shi ne sanannen nan na zamanin kafa ƙasar ba, suna ne ya zo ɗaya. Masu yanke hukunci mutum 12 ne daga cikin mazauna gari, maza, farar fata. Ba wanda ya musa cewa su Dred sun zauna a ƙasar 'yanci. Abin da ya rage kawai a tabbatar cewa Irene Emerson ce ke riƙe da su. Wani ɗan kasuwa, Samuel Russell, ya ba da shaida cewa daga hannunta ya ɗauke su haya. Da lauyan Irene ya matsa masa da tambaya, sai ya amsa cewa matarsa ce ta ƙulla cinikin, shi kuɗi kawai ya bayar, a bakinta ya ji. Shaidar an ce ba ta tsayawa a kotu. A kan wannan suka faɗi. Garin duka ya san ko bayin wane ne, amma a takarda ba a tabbatar ba, sai aka mayar da su hannun matar da aka kasa tabbatar da cewa tana riƙe da su.

Alƙali Hamilton ya ga abin bai yi ba, ya ba da izinin a sake shari'a. Sai jira ya soma. Aka sa su a hannun jami'in kotu, shi ke ba da su haya, kuɗin aikinsu kuma yana taruwa a ajiye har ranar da za a san mai shi. A watan Mayu na 1849 gobara ta tashi daga wani jirgi a bakin kogi, ta cinye jirage 23, ta haura tudu ta lashe ɗaruruwan gine-gine a tsakiyar kasuwa. A wannan shekara kuma kwalara ta kashe mutum fiye da 4,000 a garin. Harkokin kotu suka tsaya cik.

Ran 12 ga Janairu, 1850, aka koma ɗakin nan na sashen yamma. Wannan karon an kawo shaidar matar Russell, ta ce ita ta ɗauke su haya, kuma daga hannun Irene Emerson. Mutum 12 suka shiga shawara suka fito suka ce Dred Scott da iyalinsa 'ya'ya ne.

Wannan rana ta cancanci a tsaya a kanta, domin labarin ya fi shahara da mugun ƙarshensa har ana mantawa da ita. Mutanen nan 12 a jihar bauta suke zaune, cikin garin da ake gwanjon mutane a ƙofar ɗakin da suke ciki. Ba malaman shari'a ba ne. An shimfiɗa musu doka, an shimfiɗa musu hujja, suka bi. Duk abin da ya faru bayan nan, manyan alƙalai ne masu ilimi da muƙami suka warware abin da talakawan gari suka ɗaure daidai.

Irene ta ɗaukaka ƙara. A nan lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi wata yarjejeniya don rage wa kansu aiki: a ci gaba da ƙarar Dred kaɗai, duk abin da ta haifar ya hau kan ta Harriet. Haka sunanta ya fita daga shari'ar. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin a dokar bauta uwa 'ya'ya ke bi. Makomar Eliza da Lizzie a ƙarar Harriet take rataye, amma tarihi ya riƙe sunan mijin ya saki nata har tsawon fiye da ƙarni guda.

Kafin babbar kotun jiha ta kai ga magana, iska ta juya. Rigimar ko za a bar bauta ta shiga sababbin yankunan yamma ta raba ƙasar gida biyu, kuma an fara zaɓen alƙalan Mizuri da ƙuri'a. Ran 22 ga Maris, 1852, alƙalai biyu cikin uku suka soke hukuncin. Wanda ya rubuta, William Scott, bai ɓoye dalilinsa ba: ya ce zamani ya sauya, Mizuri ba za ta ci gaba da girmama dokokin jihohin da ke yaƙi da tsarinta ba. Alƙali na uku, Hamilton Gamble, ya ƙi bin su, ya ce sauyin zamani ba ya sauya ƙa'idar da kotu ta tsaya a kanta shekara da shekaru. Ƙa'idar shekara 28 ta rushe a rana ɗaya.

Ginin ma a lokacin ana ta rusawa ana ginawa. A 1851 wani sabon mai zane, Robert Mitchell, ya karɓi aikin, aka rushe tsohon ginin bulo aka tayar da sashen gabas na yanzu a gurbinsa. A 1855 aka lura rufin babban ɗakin sashen yamma yana neman lotsawa, sai aka shiga ƙara masa matokara da bangaye, aka rarraba shi. Ɗakin da aka yanke hukuncin 1850 ya ɓace ke nan. Mai ziyara yau zai iya tsayawa a sashen, amma ba zai ga ɗakin yadda yake ba.

Wani lauya, Roswell Field, ya ɗauki ƙarar ya kai ta kotun tarayya a 1853. Irene ta yi sabon aure ta koma Masacusets, ɗan'uwanta John Sanford, mazaunin Niyok, shi ke kula da al'amarin, don haka shi aka yi ƙara. Sanford kuwa surukin gidan Chouteau ne, dangin da suka ba da filin kotun, kuma gidan da ya daɗe yana fafatawa da bayinsa a irin waɗannan ƙararraki. Su Dred suka sake faɗuwa a 1854, maganar ta tafi Kotun Ƙoli a Washinton. Magatakarda ya ƙara harafi a sunan Sanford wajen rubutawa, shi ya sa har yau ake kiran shari'ar da sunan Sandford.

Ran 6 ga Maris, 1857, kwana biyu bayan rantsar da shugaba James Buchanan, alƙalin alƙalai Roger Taney, tsoho mai shekara 79, ya karanta hukuncin. Alƙalai 7 suna gefensa, har da shi, 2 suka saɓa. Ya ce duk wanda kakanninsa suka zo daga Afirka a bauta, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kuma ba zai taɓa zama ba, don haka Dred ba shi da bakin kai ƙara a kotun tarayya tun farko. Ya ce waɗanda suka kafa ƙasar ba su ɗauki baƙar fata da wani haƙƙi da ya wajaba farar fata ya kiyaye ba. Bai tsaya nan ba, ya ce majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jihohi ba, yarjejeniyar 1820 ɓatacciya ce. Alƙali Benjamin Curtis ya mayar masa da martani da tarihi, ya nuna cewa lokacin kafa ƙasar akwai jihohi 5 da 'yantattun baƙar fata ke jefa ƙuri'a a cikinsu. A wannan shekarar Curtis ya ajiye aiki.

Taney ya ɗauka ya kashe wutar rigimar. Ashe fetur ya zuba mata. Mutanen arewa suka ga cewa idan majalisa ba ta iya hana bauta a ko'ina, to gobe tana iya shigo musu gida. Wani lauyan Ilinoi, Abraham Lincoln, ya mayar da hukuncin abin magana a jawabansa na 1858, bayan shekara biyu kuma ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

Su Dred kuwa wata hanya ce ta fitar da su. Sabon mijin Irene, Calvin Chaffee, ɗan majalisar tarayya ne da aka sani da adawa da bauta. Da jaridu suka fallasa cewa bawan da ya fi kowane bawa suna a ƙasar na gidansa ne, sai kunya ta rufe shi. Dokar Mizuri ta ce mazaunin jihar ne kaɗai ke iya 'yanta bawa a can, saboda haka aka mayar da mallakarsu ga Taylor Blow, ɗan gidan da Dred ya tashi a ciki, gidan da suka daɗe suna tallafa wa ƙarar da kuɗi. Ran 26 ga Mayu, 1857, Blow ya kai su wannan kotu, gaban alƙali Hamilton ɗin nan dai, aka 'yanta Dred da Harriet da Eliza da Lizzie. Shekara 11 ke nan da wata guda da 'yan kwanaki tun ranar da suka kai ƙara. Kuɗin guminsu da aka tara a hannun kotu, kimanin dala 750, Irene ce ta karɓe.

Dred ya sami aikin ɗaukar kayan baƙi a otal ɗin Barnum, yana kuma kai wa mutane kayan da Harriet ta wanke ta goge. Tarin fuka ya kashe shi ran 17 ga Satumba, 1858. 'Yancinsa bai cika wata 16 ba. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni, a Maris 1859, wani tsohon soja da talauci ya kai shi ga tallar itacen wuta a titunan garin ya shigo wannan kotu ya 'yanta bawa ɗaya tilo da ya mallaka, William Jones, alhali da ya sayar da shi da ya sami kuɗi mai kauri. Sunansa Ulysses Grant, wanda ya zo ya jagoranci rundunar arewa har ta ci yaƙin basasa, ya kuma zama shugaban ƙasa.

Ƙubbar ta zo ne tare da yaƙin. 'Yar ƙaramar ta Singleton ta yi wa ginin kaɗan bayan an faɗaɗa shi, aka cire ta, sai gardama ta kaure tsakanin magina a kan irin nauyin da bangon zai iya ɗauka. William Rumbold ya kawo tsarin da ba a saba da shi ba: maimakon dutse ko bulo, a ɗaure haƙarƙarin ƙubbar da ƙarfe, na ƙira da na zubi, a lulluɓe bayanta da jan ƙarfe. Siffarta kuwa ya ɗauko ta daga ƙubbar babban cocin Bitrus da ke birnin Rum. Masu shakka suka ce za ta rufta. Ya ƙera ƙaramin samfuri, ya jibga masa ƙarfe mai nauyi a gaban masu gardama, samfurin bai motsa ba. Aka ɗora ta a 1861 zuwa 1862, daidai lokacin da ake harhaɗa ƙubbar ƙarfe ta majalisar ƙasa a Washinton, kuma ta Sant Luwis ta riga waccan kammala. Tsayin ginin ya kai ƙafa 192, wajen mita 59, ba ginin da ya fi shi tsawo a Mizuri sai a 1894. Ruwa da iska ne suka mayar da jan ƙarfen kore.

Wanda ya tsaya a tsakiyar zauren ya ɗaga kai zai ga benaye suna hawa suna tsukewa, ginshiƙai a kan ginshiƙai, har ido ya kai ga hasken da ke shigowa daga ƙoli. Can sama akwai zane huɗu na wani ɗan asalin Jamus, Carl Wimar, wanda ya yi aikin a 1862 tarin fuka yana cinsa, ya mutu a ƙarshen shekarar yana da shekara 34. Ya zana isowar Turawan Sifen kogin Misisipi, da kafa garin, da harin da aka kawo masa a 1780, da wata mashiga a duwatsun yamma. Labarin da garin ke son bayarwa game da kansa ke nan a lokacin. Babu bawa ko ɗaya a cikin abin da aka zaɓa a tuna.

Harriet ta ga ƙubbar. Ta ga ranar 11 ga Janairu, 1865, da Mizuri ta soke bauta, ta ga gyara na 13 a kundin tsarin mulki da ya soke ta a ƙasar duka a wannan shekara, ta kuma ga gyara na 14 a 1868, wanda ya ce duk wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, ya binne hukuncin Taney. Da wannan gyara ne wata mata, Virginia Minor, ta kafa hujja lokacin da aka hana ta rajistar zaɓe a 1872. Ta kawo ƙara wannan gini ita da mijinta, domin matar aure ba ta iya ƙara ita kaɗai. Ta faɗi a nan, ta faɗi a Kotun Ƙoli a 1875, matan Amurka kuma ba su sami tabbacin ƙuri'a a kundin tsarin mulki ba sai 1920. Harriet ta ci gaba da wanki da guga a lungunan garin har ta rasu ran 17 ga Yuni, 1876.

A wannan shekarar aka kaɗa ƙuri'ar raba birnin da gundumar. Gunduma ta koma Clayton ta gina tata kotun, tsohon ginin ya zama na birni. Gwanjo bai daina ba a matakalarsa: a nan Joseph Pulitzer ya sayi wata jarida da ta durƙushe a 1878 a kan dala 2,500, daga ita ya gina sunansa. A 1930 kotuna suka tashi zuwa wani dogon bene na zamani. Jikokin Chouteau da Lucas suka tuna da sharaɗin 1816, suka kai ƙara a mayar musu da filin tunda kotu ta bar shi, ba su yi nasara ba. Ginin ya yi shekaru yana lalacewa, har hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ta karɓe shi a 1940. Aka rushe tsofaffin gine-ginen bakin kogi da ke gabansa, a 1965 kuma aka kammala wani ƙaton bakan ƙarfe bisa zanen Eero Saarinen mai tsayin mita 192, aka saita shi da kotun yadda idan an tsaya ta yamma ƙubbar kan faɗo a tsakiyarsa.

Takardun kuwa sun yi ta kwanciya a naɗe cikin akwatunan ƙarfe na ofishin magatakarda, ba mai buɗewa, har wajen shekarun 1990 da aka fara warware su ana tantancewa. Sai ga ƙararrakin neman 'yanci fiye da 300 da aka shigar a Sant Luwis kafin yaƙin basasa, da yawansu na mata ne da 'ya'yansu, da sunayensu da shaidunsu da hanyoyin da aka bi da su. Waɗanda suka ci ba su kai rabi ba. A 2012 aka kafa mutum-mutumin Dred da Harriet, su biyun tare, a harabar kudu ta tsohuwar kotun, bisa ƙoƙarin zuriyarsu ta wajen Eliza. A 2022 aka kafa wa sauran masu ƙarar nasu abin tunawa a gefen sabon ginin kotu, aka sassaƙa sunayensu a dutse. Tsohuwar kotun ta yi shekaru a rufe ana gyara, aka sake buɗe ta ga jama'a a 2025.